Sunan Habu a Ƙofar Ƙarshe

Nazifi, ajiye gwangwanin nan. A hankali na ce! Da hannu biyu, yadda ka ɗauko shi. Yauwa. Kai da abokanka kun cika mini rumfa da buhun tsofaffin kaset ɗin gem, irin wasan nan na talabijin, da kuka tsinto a ƙauyuka, wai in nuna muku yadda ake raba na asali da jabu, ku sayar wa mutanen Legas ta waya, tunda yanzu tsohon abu ya yi daraja. Ban ƙi ba. Ɗan 'yar'uwata ne kai, in ban koya maka ba wa zan koya wa? Amma tun da kuka zauna nake jin kuna cewa abin ba wuya, wai kun kalli wani bidiyo kun gane komai. Ga shi hannunka bai tashi zuwa ko'ina ba sai kan kaset ɗaya tilo da ba na sayarwa ba. Jabu ne, in ka kai shi Legas ko kallonsa ba za a yi ba. Sai dai akwai sunan wani mutum a cikinsa, wani ɗan mitsitsin batiri ne ke riƙe da sunan, batirin kuma ya fara mutuwa. Da ya suɓuce maka ya bugi ƙasa, da sunan ya tafi, kuma babu mai dawo da shi. Ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi ya zo nan, sannan mu koma kan buhunku.

Ni ba da gem na fara ba. Da rediyo na fara, a rumfar Malam Tanko, nan cikin kasuwar Gwarzo, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai zafin rai, ba ya maimaita magana, amma abin da hannunsa ya taɓa sai ya yi magana. Kaset ɗin gem na farko da na gani a rayuwata wani direban babbar mota ne ya kawo, ya sayo wa 'ya'yansa a Kano, suka ɗan yi wasa da shi ya tsaya. Muka juya bayansa, sai ga noti mai kai kamar tauraro. Duk sukudireban da ke Gwarzo babu wanda ya kama shi. Na ce, "Malam, a fasa kawai." Ya harare ni, ya ce, "Kanka za a fasa." Ya zaro biro daga aljihu, ya cire bakin rubutun, ya ƙyasta ashana ya narka ƙarshen robar, ya danna ta a kan notin, ya riƙe har ta huce. Da ya ɗaga, ta ɗauki siffar notin tsaf. Ya murɗa, kaset ya buɗe. Ga irin biron nan a cikin kofin can, har yau da shi nake aiki. Notin nan shi ne darasinku na farko: masu yin na asali ba sa son a buɗe musu kaya. Masu jabu kuwa ko su sa noti na gama-gari, ko su manne da gam su zana siffar noti a jikin robar, ka yi ta murɗa iska.

Da gem ya fara yawa, Malam Tanko ya ƙirƙiro wata azaba ta musamman domina. Sai ya ce in juya baya, in miƙo hannu biyu ta baya, ya ɗora mini kaset ɗaya a kowane tafi. "Wanne ne ɗan halak?" In na yi kuskure, ranar ni zan ɗebo ruwan shayi daga bakin tasha. Na asali yana da nauyi, yana zama a hannu. Jabu shafal yake, in ka girgiza shi ka ji wani abu na kaɗawa a ciki. Na ƙware a wannan har na fara ɗaga kafaɗa, sai masu jabu suka gane, suka fara liƙa guntun ƙarfe a ciki don ya yi nauyi. Na koma ɗibar ruwa. Daga nan ya koya mini shafa takardar baya da babban yatsa, domin na asali akwai wata 'yar lamba da aka danna a jikin takardar, ido ba ya saurin ganinta amma yatsa na ji. Ya koya mini shinshina roba. Kada ku yi dariya, robar jabu warinta daban, irin na sabon bokiti. Duk da haka ya ce waɗannan zato ne, gaskiya tana ciki. In ka buɗe na asali za ka ga fanel, wato allon da kayan lantarkin ke kai, mai kauri, ga aisi-aisi, 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan, a jere da ƙafafunsu, liƙin dalma fes, haƙoran da ke shiga na'ura ruwan zinare. In ka buɗe jabu, ɗan guntun fanel ne da wani baƙin ɗigo a tsakiya kamar an ɗiga kwalta. Bidiyonku ya nuna muku ɗigon, na sani. Bai gaya muku akwai jabun da ba shi da ɗigo ba ko?

Abin da ya fi ƙona mini rai a sana'ar nan shi ne hurawa. Kai! Yaro da babba, da malamin makaranta da mai shanu, gem na tsayawa sai a zare kaset a kai baki, fuu, fuu. Wa ya koya wa mutane wannan, oho. Yawu ne fa kake fesa wa haƙoran, yau ya tashi, bayan damina ɗaya sun yi kore. Akwai wanda ya kawo mini nasa daga Mainika ya goge shi da toka, wani da kananzir, wani ma da man shanu, wai don ya riƙa shiga da sulɓi. Auduga ce kawai da ɗan sifirit, ka goga gefe ɗaya, ka bari ya bushe. Na yi ta faɗa har bakina ya gaji, ina juya baya nake jin fuu.

Masu yin na'urar gem ɗin nan ba barci suke ba, sun san ana kwaikwayonsu. Akwai ranar da wani Alhaji mai sayar da taki ya aiko da tasa, wai aljanu sun shiga, fitilarta sai ƙyafta ido take, talabijin na ɗaukewa yana kawowa. Malam Tanko ya buɗe ya nuna mini wata 'yar aisi a gefe, ya ce, "Ka ga wannan? Mai gadi ne." Akwai irinta a cikin kowane kaset na asali. In ka kunna, ta na'ura za ta yi sallama, ta kaset ta amsa. In ba a amsa ba, sai ta riƙa kashe na'urar tana kunnawa har ka gaji. Kaset ɗin Alhaji jabu ne, ba shi da mai amsawa. Malam ya ƙirga ƙafafun aisin, ya sa abin yankan farce ya tsinke guda ɗaya, mai gadi ya kurumce, gem ya tashi. In ka tsinke ta kusa da ita, ka kashe na'ura gaba ɗaya, kuma na ga waɗanda suka yi. Wasu masu jabun ma ba sa jiran a tsinke musu, kaset ɗinsu da kansa yake watsa wa mai gadin wuta ya sume, mukan kira shi mari. Yana aiki, amma na'urar da ta sha mari da yawa ba ta tsufa.

Wayyo, waɗancan shekarun. Bayan Malam ya yaye ni na buɗe wannan rumfar, na sa benci da talabijin a baya. Ranar kasuwa ba ka jin komai sai ihun yara da kiɗan gem, ti-ri-ri, ti-ri-ri, har masu awon hatsi na leƙowa su ce mu rage. Mutum biyu ke riƙe da fad, abin dannawar nan, amma mutum ashirin ke bugawa da baki. "Yi tsalle! Kai, yi tsalle mana!" Da rani kuwa sai in ɗaura talabijin baƙi-da-fari da batirin mota a bayan keke, in nufi Kara ko Kabo, in kafa a gindin bishiya bayan la'asar. Dattawa su zo su tsaya daga nesa suna cewa shirme ne, kafin magariba ka ga ɗayansu ya matso yana tambaya wane ne ke cin wani. Yanzu kowannenku na da gem dubu a aljihu, kuma kowa shi kaɗai yake yi, kai a sunkuye. Wallahi ina kewar hayaniyar nan. Wani lokacin ina gyaran wayar mutane sai in ji kamar kiɗan na tashi daga bayan rumfa, in waiwaya, buhunan gawayin maƙwabcina ne kawai.

A cikin masu zuwa akwai wasu 'yan'uwa biyu daga Masanawa, Sabi'u da ƙanensa Habu. Gidansu gidan noma ne da kiwo. Sabi'u shiru-shiru, Habu kuwa baki kamar rediyo. Habu ya yi kiwon rago har ya ƙoshi, ya kai shi kasuwa, maimakon ya sayi ɗan maraƙi kamar yadda Innarsu ta so, sai ya wuce Kano ya dawo da na'urar gem ta gwanjo da kaset guda ɗaya. Innar ta yi faɗa har maƙwabta suka ji. Ba irin gem ɗin tsalle-tsalle ba ne da ake gamawa a zama ɗaya. Na tafiya ne, mutum ya bar garinsu ya bi gari-gari, yana faɗa da miyagu, yana tara kaya, wata da watanni. A farko kana rubuta sunanka, in ka gaji ka ajiye inda ka tsaya, gobe ka ɗora. Habu ya rubuta sunansa. Shi ke riƙe fad, Sabi'u na gefe yana tuna masa hanya, don shi ba ya mantuwa. Duk ranar kasuwa sai su kawo mini batirin motarsu caji, Habu ya zauna a bencin nan da kake kai ya ba ni labari. "Malam Isiya, mun ƙetare kogi." Wani makon, "Malam Isiya, garin ƙanƙara ya ba mu wuya, amma mun fita." In ce ya kawo kaset ɗin in gani, ya ce, "Tabɗi! Ko ƙofar ɗaki ba ya fita."

Sai aka yi shekarar da damina ta yanke da wuri. Samari da yawa suka tashi neman aiki, wasu kudu, wasu suka bi ta sahara. Habu ya bi na sahara. Sabi'u ya gaya mini daga baya cewa ana gobe zai tafi suka isa gari na ƙarshe a gem ɗin, a gindin dutse, ga ƙofar ƙarshe ana hangowa a sama. Habu ya ajiye a nan, ya kashe, ya ce, "Yaya, kar ka shiga sai na dawo. Tare za mu gama." Da farko yana kira ta wayar wani ɗan garinsu. Daga baya kiran ya yi nisa, sannan ya ɗauke.

Bayan tafiyarsa na ga tarkon da ya fi kowane tarko mugunta. Wani ɗalibi da ke karatu a Kano ya dawo hutu da irin gem ɗin nan na tafiya, jabu, ya roƙe ni ya riƙa yi a talabijin ɗina. Ni kuma na taɓa gyara na asalinsa na wani ma'aikacin asibiti, na san yadda yake. Sai na ga na ɗalibin daban. A inda na asali ke fito maka da mugu ɗaya ko biyu, nasa sai su taso kamar tururuwa, ba ka taku uku ba a tare ka ba. Na je na gaya wa Malam Tanko, lokacin ya tsufa yana zaune a ƙofar gida. Ya ce, "Gem ɗin ya gane an sato shi. Ba zai faɗa ba, wahalar da shi zai yi." Ashe ba a nan ya tsaya ba. Ɗalibin nan ya yi ta fama har hutu ya kusa ƙarewa, ya isa ƙofar ƙarshe, rumfa ta cika ana jiran a ga ƙarshe. Ya shiga, aka fara faɗa, sai hoto ya daskare. Ya kashe ya kunna. Babu sunansa, babu tafiyarsa, fes kamar ba a taɓa taɓawa ba. Gem ɗin da kansa ya goge. Ya zauna yana kallon talabijin, babu wanda ya iya yi masa dariya.

Shekarar da ta karya mu ba yunwa ba ce, faifai ne. Na'urorin gem masu faifai suka shigo, hoto kamar fim, yaran da suka girma a bencin nan suka koma gidan gem na bakin titi. Ban gama farfaɗowa ba waya ta zo ta kwashe sauran. A damina ɗaya rufin nan ya yi yoyo a kan kwalin kaset ɗina, a ita kuma Malam Tanko ya rasu. 'Yan gwangwan suka riƙa bin gida-gida suna kwasar na'urori a kan sikeli, tare da tsofaffin tukwane. Na ga kaset na asali, irin wanda yau kuke nema ido rufe, an yi wa ƙafar tebur waigi da shi a shagon mai shayi. Na koma gyaran waya da fitilar sola don a ci abinci. Na'ura ɗaya na ɓoye a ƙarƙashin teburin nan, na naɗe ta da tsohon zane, ban ma san dalili ba.

Ita ce ta yi rana. Wata safiya, shekaru sun ja, wani mutum ya yi sallama, furfura ta fara fito masa a gemu. Sai da muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi shanu, na tambayi mutanen Masanawa, sannan na gane Sabi'u ne. Ya zaro gwangwanin nan daga aljihun babbar riga, ya buɗe, ga kaset a naɗe da ƙyalle.

Ya ce, "Malam Isiya, Inna ta rasu."

Na yi masa ta'aziyya.

Ya ce, "Har ta koma ga Allah tana ajiye masa kwanonsa. Yanzu dangi sun zauna da malamai, an ce lokaci ya ja, a raba abin da za a raba. Ɗakinsa ma an ba ɗana. Na'urarmu ta daɗe da mutuwa. Na ji an ce kana da guda. So nake in shiga ƙofar nan in gama masa, in san na rufe."

Na ce, "Bari in duba cikinsa tukuna."

Na juya bayansa, noti na gama-gari. Na buɗe: babu baƙin ɗigo, aisi-aisi ne a jere kamar na kirki, amma fanel ɗin siriri, liƙin duk ya yi tsiri-tsiri, haƙora sun koɗe. Jabu ne mai wayo. A kusurwa ga batiri kamar maɓallin riga. Na ɗora masa mita, allura ta ɗan motsa da ƙyar. Ku fahimci wannan, don shi ne zuciyar maganar. Sunan da ke ciki ba a rubuce yake ba kamar a takarda. Wutar batirin ce ke riƙe da shi dare da rana. In ta yanke ko na ƙiftawar ido ne, ya goge. Wanda bai sani ba zai ce ai sai a cire tsoho a sa sabo, kuma a wannan cirewar ake kashe shi.

Na ce, "Sabi'u, ban sani ba ko yana nan. In yana nan, a bakin gaɓa yake. Zan canza batirin, amma sai ka yi mini addu'a."

Na janyo ƙofar rumfa, na sallami masu jiran waya, na kashe fanka don kada ta kaɗa mini komai. Na ɗauki sabon batiri na aro, na liƙa masa sirara-siraran wayoyi biyu, na nemi wuri a kan fanel ɗin na liƙa su, ɗaya nan ɗaya can, don na aron ya riƙe wutar kafin in taɓa tsohon. Malam Tanko yana kiran wannan riƙo. A fanel na asali aikin ba ya ba ni tsoro. Na jabu kuwa layukan tagullarsa kamar ɓawon albasa suke, ƙarfen liƙi ya ɗan daɗe a kai sai su ɗago. Na ɗaga ƙafa ɗaya ta tsohon batirin lafiya. Ina kan ta biyu na ga layin ya fara tashi. Zufa ta zubo mini a ido, ban isa in share ba. Na danne layin da bakin allura da hannun hagu, na zare tsohon da dama, na zaunar da sabo, na ɗiga dalma. Sabi'u na kan benci yana jan carbi. Sai da mita ta nuna sabon ya kama sannan na cire wayoyin aro.

Na warware na'urar daga zanenta, na goge haƙoran kaset da sifirit, na sa, na kunna. Kiɗan ya tashi. Sai ga shi a kan talabijin, da manyan baƙaƙe: HABU.

Sabi'u ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ga shi nan." Ya sake cewa, "Malam, ga shi nan fa."

Na miƙa masa fad. Ɗan mutumin da ke cikin gem ɗin na tsaye a tsakiyar garin gindin dutse, inda aka bar shi. Sabi'u ya tura shi a hankali, yatsunsa sun yi kaushi da garma, ya fita ƙofar gari ya kama hanyar dutse. Bai yi nisa ba miyagu suka taso masa ta ko'ina, kamar tururuwa. Na gane su nan take.

Na ce, "Tsaya! Koma cikin gari."

Ya koma. Ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Haka suke taso muku tun farko?"

Ya ce, "Tun daga garin farko. Habu ya ce gem ɗin ne mai wuya."

Na ce, "Ba haka aka yi shi ba. Kaset ɗinku jabu ne, gem ɗin ya gane, shi ya sa ya ninka muku miyagu don ku gaji ku bari. Kuma na ga abin da yake yi a ƙofar can da idona. In ka shiga, ba za ka ga ƙarshe ba. Daskarewa zai yi, ya goge komai, har sunan."

Sai ya ce, "Babu dabara?"

Na ce, "In akwai, ni ban san ta ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya koma ya zauna. Can sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wato abin da aka yi don kada a wuce, shi yaron nan ya wuce? Har gindin dutse? Kai, Habu! Taurin kai kamar na bijimin Baba." Ni ma ban san lokacin da idona ya cika ba. Na tuna shi a bencin nan yana cewa mun ƙetare kogi, na ji kewarsa kamar ƙanena ne.

Muka daɗe muna kallon ɗan mutumin yana tsaye, kiɗan garin na ta maimaita kansa. Fad ɗin na hannun Sabi'u, na bar masa zaɓi, kayansa ne, ɗan'uwansa ne. Daga ƙarshe ya ajiye shi a kan tebur. Ya ce, "A bar shi nan. Ai dama cewa ya yi kar in shiga sai ya dawo. Dangi su raba gona, wannan ba na rabo ba ne."

Ya bar mini gwangwanin, ya ce gidansu yara sun yi yawa, wani zai hura masa baki. Tun daga lokacin, duk shekara in an gama kai amfanin gona gida, sai ya hau mota daga Kabo ya zo. Mu gaisa, in aika a kawo shayi, in kunna. Ya kalli sunan, ya kalli ɗan mutumin a gindin dutse. Ba ya taɓa fad. In shayi ya ƙare ya ce, "To, Malam, a kashe," ya tafi. Labarin Habu kuwa har yau babu.

To, Nazifi, ga inda maganar ta zo kanka. Fanel ɗin jabu shan batiri gare shi. Makon jiya na ɗora mita, allura ta koma inda na same ta ranar farko. Dubi hannuna. A'a, dubi da kyau, kar ka kau da kai. Shekaranjiya bakin cajin waya na zo liƙawa na ƙona na kusa da shi. Hannun da ke rawa haka ba zai danne layi da allura ba. Dawa ta fara ja, Sabi'u na nan tafe, kuma ba zan iya zama in kunna masa talabijin ya ga wuri babu kowa ba.

Buhunku na riga na leƙa, na asali ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, zan ware muku su ku kai wa mutanen Legas ɗinku. Sauran jabun ku bar mini, da su za ka koya. Za ka rubuta sunanka a ciki, ka yi riƙo, ka canza batiri, ka kunna. In sunanka ya goge ka sake. Ka goge kanka sau nawa ma ba komai, ni dai sai na ga ka daina gogewa kafin in buɗe maka gwangwanin nan. Kar ka ce mini "Kawu, ai da sauƙi." Tashi ka wanke hannunka, ka kashe fankar nan, ka jona ƙarfen liƙi ya yi zafi.